Tambayoyinku: Wace babbar manhaja ce ta fi tsaro a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafuka da bayanai?

Wani mai karatu daga Kaduna ya ce: "Sabar ofishinmu tana kan CentOS 7, kuma lafiya lau take aiki. Dole ne sai na canja?"

Dole ne. Motar da ba ta da birki ma lafiya lau take tafiya kafin a zo gangara. Tun ranar 30 ga Yunin 2024 aka daina yi wa CentOS 7 faci, wato gyaran da ke toshe kafofin kutse. Ka kwashe bayananka ka adana a wani wuri, sannan ka koma AlmaLinux ko Rocky Linux. Kada ka wuce wannan makon.

Wani ɗan'uwa daga Kano ya aiko da doguwar wasiƙa, ga taƙaitaccenta: "Malam, zan kafa sabar da za ta riƙe shafin wata ƙaramar makaranta da sakamakon jarrabawar ɗalibai. Na duba jerin kafofin kutse da aka taɓa ganowa, na ga Debian da Ubuntu suna da dubbai, amma OpenBSD biyu kacal. Ashe ba OpenBSD ya kamata in ɗora ba?"

To ɗan'uwa, gyara zama, domin ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Maganar kafa biyun nan ba ƙarya ba ce. Mutanen OpenBSD, wadda Theo de Raadt ya kafa a 1995, su suka rubuta ta a shafinsu: kafa biyu kacal da za a iya shigowa ta nesa, ɗaya a 2002, ɗaya a 2007. Kuma sun cancanci yabo. Su suka ba duniya OpenSSH, manhajar SSH da kowa ke shiga sabarsa daga nesa da ita yau. Ko a Yulin 2024 da aka gano ɓarakar da ake kira regreSSHion, sabobin Linux ta shafa, OpenBSD ta tsira saboda wani tanadi da suka yi tun 2001.

Sai dai ka karanta maganar tasu har ƙarshe. Cewa suka yi a tsarin da ta zo da shi, kafin ka ƙara komai. Gida ne da aka gina aka kulle tagoginsa duka, aka bar ƙofa ɗaya. Kai kuwa PHP za ka ɗora, da rumbun bayanai, da WordPress, da wasu tarkacen kwalliya da ka sauko da su kyauta daga inda Allah kaɗai ya sani. Da zarar ka yi haka, kai ka fasa tagogin da hannunka, alkawarinsu bai shafe ka ba.

Lissafin da ka yi kuma, na dubbai da biyu, awo ne da mudu daban-daban. Debian 12 tana ɗauke da manhajoji sama da 60,000, kuma duk wadda aka samu da matsala, ko wasan yara ne da ba za ka taɓa ɗorawa ba, sai a rubuta a sunan Debian. Asibitin da ya fi kowa yawan katin marasa lafiya ba lallai shi ne ya fi kashe mutane ba, wataƙila shi ne ya fi rubutawa.

Idan tarihin tsaro kake son dubawa, ka duba abin da suka yi ranar da asiri ya tonu. Debian ta taɓa yin kwaɓa mai muni. A 2006 wani mai kula da OpenSSL ɗinsu, manhajar da ke ɓoye bayanai, ya cire wasu layuka don ya kashe gargaɗin da wata manhajar gwaji ke yi, ashe ya lalata hanyar ƙirƙirar makullan sirri. Makullan da ya kamata su fi ƙarfin ƙirga suka koma kusan 32,000 a kowane nau'i, ɓarawo zai iya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sai a Mayun 2008 Luciano Bello ya gano. Abin kunya ne, amma ba su yi rufa-rufa ba: suka sanar, suka fitar da faci, suka ba da manhajar gano makullan da suka lalace. Ni irin wannan tarihin nake karantawa.

Jinkirin da ake yi wa Debian dariya a kansa ma ya taɓa yin rana. A Maris na 2024 Andres Freund, wani injiniyan Microsoft, ya lura shiga ta SSH ta ƙara kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tarar an dasa ƙofar baya a xz, wata manhajar matse fayiloli. Gubar ta shiga nau'o'in gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta kai ga tsayayyen nau'in Debian ba, domin shi ba ya rawar ƙafa wajen karɓar sabon abu.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Bara aka kira ni wani ofishi, wai an yi musu kutse. Na zauna a gaban sabar, ƙura ta lulluɓe ta, an jingina mata buhun takardu. Na duba ranar da aka yi mata sabuntawa ta ƙarshe: shekara uku. Kalmar sirrin root, wato asusun da ke da iko da komai a sabar, lambar wayar manaja ce, an rubuta a ƙaramar takarda an manna a jikin allo. Kuma abin da manajan ya fara tambayata shi ne wace babbar manhaja ce ta fi tsaro, su koma kanta. Na ce ranka ya daɗe, ko a cikin akwatin ƙarfe aka ajiye wannan sabar, haka za a shiga. Kamfanin Equifax na Amurka ma, facin da zai cece shi ya fito a Maris na 2017, ba su ɗora ba, aka kwashe bayanan mutum miliyan 147. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

OpenBSD tana fitar da sabon nau'i duk wata shida, kuma biyun ƙarshe kawai suke yi wa faci. Za ka iya ɗaga sabar makarantar nan aƙalla sau ɗaya a shekara, ana tsakiyar jarrabawa ko ba a yi? In za ka iya, kuma ka san ta, bismillah. In ba haka ba, ɗora Debian, ko Ubuntu LTS mai shekara 5 na faci. Ka kunna unattended-upgrades, mai ɗora faci da kansa, tun ranar farko, ka hana shiga da kalmar sirri sai da makulli, ka toshe root daga waje. Ni Debian nake ɗorawa, kuma ina barci.

Wata 'yar'uwa daga Zariya ta ce: "SELinux yana hana shafina buɗewa a Rocky Linux. An ce in buga setenforce 0."

SELinux maigadin sabar ne, setenforce 0 kuma dakatar da shi yake yi. Wanda ya gaya miki haka, idan maigadi ya tambaye shi katin shaida, korar maigadin zai yi. Galibi tambarin fayilolin ne ya rikice saboda kin kwaso su daga wani wuri. Buga restorecon -Rv a kan babban fayil ɗin shafin. In bai yi ba, ausearch zai nuna miki abin da aka hana.

Wani matashi daga Maraɗi: "Tun da Kali Linux ta masana tsaro ce, in ɗora ta a saba?"

A'a. Kali jakar kayan fasa ƙofa ce, ba a kwana a cikinta.