Amsa: Me ya sa childNodes ke ba ni 7, alhali kaya 3 ne a fayil ɗin XML?

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ka karanta fayil ɗin XML da DOMParser a JavaScript, akwai `<kaya>` guda 3 a cikin `<kasuwa>`, amma `childNodes.length` na ba ka 7, kuma `firstChild.nodeName` na fito da `#text` maimakon `kaya`. Fayil ɗinka lafiya lau yake, DOMParser ma bai yi kuskure ba. Kwantar da hankalinka mu bi abin sannu a hankali.

Na ɗauka fayil ɗin ya yi kama da wannan:

```
<kasuwa>
  <kaya lamba="1">
    <suna>Masara</suna>
    <nauyi>50</nauyi>
  </kaya>
  <kaya lamba="2">...</kaya>
  <kaya lamba="3">...</kaya>
</kasuwa>
```

Dubi abin da ke tsakanin `<kasuwa>` da `<kaya>` na farko. Idonka ba ya ganin komai, amma akwai sabon layi da sarari biyu. Ƙa'idar XML 1.0, wadda W3C ta fitar a 1998, ta wajabta wa shirin da ke karanta fayil ya miƙa duk harafin da ba na tag ba, har da sarari, domin ba shi da hanyar sanin wanne ne ado, wanne ne ke da ma'ana. Saboda haka kowane gibi yana zama gaɓar rubutu mai cin gashin kanta a bishiyar DOM, wato tsarin uwa da 'ya'ya da DOMParser ke ginawa daga fayil ɗin. Lissafa: gibi, kaya, gibi, kaya, gibi, kaya, gibi. Ga 7 ɗinka nan. Da kayan 10 ne, 21 za ka gani.

Kowace gaɓa tana da `nodeType`, kuma lambobin nan ya kamata su zauna maka a ka: 1 elemen ne, 3 rubutu, 4 CDATA (rubutun da ake ɗauka yadda yake, ba a neman tag a cikinsa), 7 umarnin sarrafawa irin `xml-stylesheet`, 8 sharhi, 9 takardar gaba ɗaya. `firstChild`, `lastChild`, `nextSibling`, `previousSibling` da `childNodes` ba sa tantancewa, duk abin da suka tarar shi za su miƙo maka. Waɗanda ke tsallake rubutu da sharhi su ne `firstElementChild`, `lastElementChild`, `nextElementSibling`, `previousElementSibling` da `children`. A burauza waɗannan za ka riƙa amfani da su:

```
const tushe = doc.documentElement;
for (const k of tushe.children) {
  console.log(k.getAttribute("lamba"));
}
```

A nan `doc` takardar da DOMParser ya miƙo maka ce. Lura da `documentElement`. Kada ka nemi tushe da `doc.firstChild`, domin ranar da wani ya sa sharhi a saman fayil ɗin, sharhin za ka kama. Lura kuma cewa `lamba` ba ɗan `<kaya>` ba ne. Ba za ka same shi a `childNodes` ba ko ka kwana kana nema, sai ta `getAttribute` ko `attributes`.

In a Python kake da `xml.dom.minidom`, babu `firstElementChild` a can, dole ka tace da hannu: ka bi `childNodes`, ka ɗauki wanda `nodeType` ɗinsa ya yi daidai da `ELEMENT_NODE`. A Java kuwa mutane kan kunna `setIgnoringElementContentWhitespace(true)` su yi mamakin ganin bai yi komai ba. Wannan saitin yana buƙatar DTD (bayanin ƙa'idar tsarin fayil ɗin) ko makamancinsa da zai faɗa masa wane elemen ne ba ya ɗaukar rubutu. In babu, tacewa da hannu ita ce hanya.

Za ka ji masu cewa ka share duk gibin kafin ka fara. Ban goyi bayan wannan ba, sai in ka tabbata fayil ɗin bayanai ne zalla. A cikin `<p><b>Sannu</b> <i>Malam</i></p>`, sararin da ke tsakanin kalmomin biyu shi ma gaɓar rubutu ce da ba ta ƙunshi komai sai sarari. Ka share ta, kalmomin su manne. Haka kuma kod ɗin da ke cewa `childNodes[1]` don ya tsallake gibin farko zai yi aiki yau, gobe a turo maka fayil ɗin a matse a layi ɗaya, gurbi 1 ya koma kaya na biyu, kuma babu saƙon kuskure da zai faɗakar da kai.

Matsala ta gaba da za ka ci karo da ita ita ce ɗauko rubutun. `nodeValue` na elemen kullum `null` ne, domin kalmar Masara ba a jikin `<suna>` take ba, tana cikin ɗansa. Shi ya sa ake yawan rubuta `suna.firstChild.nodeValue`. Wannan yana karyewa ta hanya biyu. In elemen ɗin fanko ne, kamar `<suna/>`, `firstChild` zai zama `null`, shirin ya faɗi da TypeError. In kuma akwai sharhi ko CDATA a tsakiyar rubutun, ya rabu gida biyu ko uku, kai kuwa kashin farko kawai za ka samu. `textContent` ya fi aminci: yana haɗa rubutun duk zuriyar, yana tsallake sharhi, yana ba da rubutu fanko in babu komai. Sai dai in ka kira shi a kan `<kaya>` zai kwaso har da gibin, don haka ka kira shi a kan ƙaramin elemen, ka bi shi da `trim()`. Kuma 50 ɗin nan rubutu ne, sai ka mayar da shi lamba kafin lissafi.

`getElementsByTagName` yana da sauƙi, amma ba 'ya'ya kaɗai yake dubawa ba, yana gangarawa har jikoki da tattaɓa kunne. In `<kaya>` na da `<suna>`, kuma a cikinsa akwai `<dillali>` mai nasa `<suna>`, duka biyun za su fito. Sannan a burauza jerin da yake bayarwa rayayye ne, yana sauyawa tare da bishiyar. Gwada share kaya 3 da zagayen da ke ƙirga daga 0: ka cire na farko, na biyu ya matso gurbi 0, ƙirgarka ta wuce zuwa 1, ka cire na uku, na biyu ya tsira. Ko ka faro daga ƙarshe zuwa farko, ko ka kwafe jerin da `Array.from` tukuna. `childNodes` da `children` ma rayayyu ne. Jerin `querySelectorAll` ne ba ya motsi.

In fayil ɗin na da `xmlns` (adireshin da ke nuna rukunin da sunayen elemen suka fito), kamar na Atom ko RSS mai `dc:creator`, kada ka dogara da guntun harafin gaba irin `dc`, domin wani zai iya kiransa da wani suna kuma fayil ɗin bai sauya ma'ana ba. Kwatanta `localName` da `namespaceURI`, ko ka yi amfani da `getElementsByTagNameNS`. Wannan ne ma dalilin da ya sa XPath (yaren neman gaɓoɓi a XML) irin `//entry` ke dawowa hannu rabbana a fayil ɗin Atom: XPath 1.0 na ɗaukar suna marar harafin gaba a matsayin wanda ba ya cikin kowane `xmlns`, sai ka haɗa masa harafi da adireshin da kanka. Babban baƙi da ƙarami ma ba ɗaya ba ne a XML, `Kaya` daban, `kaya` daban.

Abu ɗaya da nake roƙon ka sa tun kafin ka fara yawo a bishiyar: DOMParser ba ya jefa kuskure in XML ɗin ya lalace. Takarda zai miƙo maka mai ɗauke da elemen `parsererror`, kai kuma ka yi ta neman `kaya` a inda babu. Duba `doc.querySelector("parsererror")` da farko. Abin da ya fi jawo shi shi ne alamar `&` da ba a rubuta ta `&amp;` ba, tag ɗin da ba a rufe ba, ko layi fanko kafin `<?xml`. Ka tabbata kuma ka ba shi `"application/xml"`, domin da `"text/html"` zai gyara maka fayil ɗin yadda ya ga dama, ya mayar da sunaye ƙananan baƙaƙe, kuma ba zai ɗauki `<suna/>` a matsayin rufaffe ba.

In fayil ɗin ya kai ɗaruruwan megabait, DOM zai ɗora shi duka a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ninkin girmansa sau da yawa. A nan sai ka koma karatun kwarara, SAX ko `iterparse` na Python, ka sarrafa kowane `<kaya>` ka sauke shi kafin na gaba ya iso.