Kano zuwa Kumasi a Mota: In Tafi da Aminina ko In Tafi Ni Kaɗai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 26, ina sayar da kayan waya a Kano. Ƙanin mahaifina da ke zaune a Kumasi zai aurar da 'yarsa bayan Babbar Sallah, kuma ni aka wakilta daga gidanmu. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfina, mota zan bi, ga shi ban taɓa wuce Kaduna ba. Aminina da muka tashi tare tun makarantar allo ya ce sai ya raka ni. Ina ƙaunarsa, amma Kawu, bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba, ga saurin fushi, kuma kuɗi ba sa kwana a aljihunsa. Hajiyarmu kuma ta ce kada in kuskura in tafi ni kaɗai. Yaya zan yi?
Mai karatu daga Kurna, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka a auren, ya sa a yi taro lafiya.

Bari ka fara sanin abin da ke gabanka, don wannan ba Kaduna ba ce. Kano zuwa Legas kaɗai wajen kilomita 1,000 ne, kwana za ka yi a mota. Daga Legas ka bi ta Badagry zuwa Seme, ka shiga Benin, ka wuce Kwatano, ka tsallaka Togo, ka ratsa Lome, ka faɗa Gana ta Aflao. Daga nan sai Accra, wadda mutanenmu na can ke kira Ankara, sannan wasu kilomita kusan 250 kafin ka ga Kumasi. Iyaka uku za ka ƙetare, kuɗi iri uku za su bi ta hannunka: naira, sefa da sidi. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. Biza ba a nema, amma fasfonka da katin rigakafin cutar shawara su kasance a jikinka, ba cikin jakar da za a ɗaure a bayan mota ba.

Hajiya ba ta yi kuskure ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici, da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. Sai dai ka lura, shi ne kuma ya ce idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Wato tarin kawuna kawai bai isa ba, sai da tsari. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, suna wata da watanni a hanya da jakuna, sun san haka. Akwai madugu mai yanke magana, akwai jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da masauki. Ba wanda ya shiga ayari don kawai yana da daɗin hira. Zangon da kawunka ke zaune a cikinsa yau, irin waɗannan tafiye-tafiyen ne suka haife shi.

Ni ma na taɓa bin hanyar nan da wani aminina, lokacin gemuna bai fara fari ba. Mutum ne mai barkwanci, in yana wuri ba a kewa. A ɗaya daga cikin iyakokin, wani jami'i ya jujjuya fasfonsa, ya ce a kawo na shan ruwa. Abin da ya nema bai kai kuɗin farantin shinkafa biyu ba. Sai gogan naka ya miƙe tsaye, ya hau karanto masa dokar ECOWAS da Turanci, da ƙarfi, yana nuna shi da yatsa, mutumin da Faransanci yake ji. Gaskiya tana wajen abokina, ban taɓa musun wannan ba. Jami'in bai ce uffan ba. Ya ja aljihun tebur ya jefa fasfon, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Direba ya jira mu wajen minti 40, fasinjoji suna zaginmu da harsunan da ba ma ji, daga ƙarshe ya sauke mana jakunkuna a bakin titi ya ja motarsa. A kan benci muka kwana, sauro ya yi walima da mu. Da gari ya waye aka miƙo fasfon ba a karɓi ko sisi ba, amma kuɗin wata motar ya fito daga aljihuna, don nasa ya riga ya ƙare tun a Legas wajen sayen takalmi. Ba cewa nake ka riƙa ba da cin hanci ba. Ka cika takardunka, ka yi magana a hankali, ka san wurin da ɗaga murya ke aiki da wurin da ba ta yi. Har yau muna zumunci da shi, 'ya'yansa Kawu suke ce mini, amma ko Wudil ban sake zuwa da shi ba.

A hanyar dawowa kuma, ni kaɗai, Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijo mai harkar goro a Shagamu. Da ƙyar muka yi magana goma. In na sauka alwala, sai in dawo in tarar ya ɗora ƙafarsa a kan jakata. Wajen 'yan canji, shi ya karɓi sefar ya sake ƙirgawa a gabansu, sai ga takarda ɗaya ta yi ɓatan dabo, aka cika. Abin da ban manta ba shi ne, wani abinci da na ci a tasha ya murɗa mini ciki, ina ta gumi ina jin nauyin magana. Ya dube ni sau ɗaya, ya bubbuga jikin mota ya ce wa direba ya tsaya, shi tsoho ne, fitsari ya matse shi. Ya sauka, ya miƙo mini butarsa, ya tsaya daga nesa har na gama. Sunansa ma sai a Legas na tambaya.

An ruwaito cewa wani ya yabi wani mutum a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce a'a, sai ya ce masa to ai ba ka san shi ba. Kai kuwa ka ma san naka, da bakinka ka lissafo mini halayensa uku, kuma su ne daidai ukun da hanyar nan ba ta yafewa. Motar asuba ba ta jiran kowa.

In ranka bai kwanta ba, gwada shi. Ka ce ya raka ka Zariya ranar Asabar, ku haɗu a tashar Unguwa Uku ƙarfe 6 na safe, kowa ya riƙe kuɗinsa. Ka ga ƙarfe nawa zai iso, ka ga yadda zai yi da kwandasta a kan canji, ka ga ko kai za ka biya masa na dawowa. In ya ba ka mamaki, to ku zauna kafin ranar tafiya ku yanke wa zai riƙe kuɗin mota da na abinci, kuma maganar wa za a bi in an saɓa. Ni dai ban sa rai ba.

Abin da nake ganin ya fi, ka kira kawun naka tun yanzu. Biki ne, da wuya a ce kai kaɗai za ka taso daga Najeriya. Ko dangin amarya ta wajen uwa, ko wani ɗan kasuwa da ya saba hanyar, ya haɗa ku ko da daga Legas ne, don daga nan ne wahalar take farawa. Wannan zai kwantar wa Hajiya hankali. In ba a samu ba, kada ka firgita. Ka shiga motar da ke zuwa Accra kai tsaye, ka lissafa yadda za ka ƙetare iyakokin da rana, ka raba kuɗinka gida biyu. Mai tafiya shi kaɗai barcinsa rabi ne, ba mai tsare masa jaka, amma idonsa ya fi buɗewa, kuma kusan duk tashar da ka sauka za ka ji Hausa a bakin mai shayi ko ɗan canji.

Shi kuma aminin naka, kada ka tsaya lissafa masa laifuffukansa. Ka ce gida sun riga sun haɗa ka da masu tafiya, ka bar masa amanar leƙa shagonka in kana da yaro a ciki. Ranar da za ka baro Kumasi ka shiga kasuwar Kejetia ka sayo masa tsaraba mai kyau, tunda na ji alamar shi ma mai son takalmi ne.