BMW i7, Mercedes EQS ko Lucid Air?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko BMW i7 ta ci kuɗinta idan aka jera ta da Mercedes EQS da Lucid Air, dukansu motocin lantarki ne. Fara duba inda za ka riƙa zama, gaba ko baya.

In direba ne zai riƙa jan ka, ɗauki i7 ba wata-wata. Tun fitowarta a 2022, bayanta ne abin kallo: allon talabijin mai inci 31 yana saukowa daga rufi, kujera ta kwanta ka miƙe ƙafa, ga ɗan allo a jikin ƙofa da kake juya sanyi da labule da shi. EQS kuwa an lanƙwasa rufinta don ta riƙa yanka iska. Hakan ya taimaki batirinta, amma dogon mutum yana takura a baya, kuma ni wannan kaɗai ya sa na cire ta.

In kai ne a sitiyari kuma kana yawan doguwar tafiya, Lucid ta sha gabansu nesa. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA), Lucid Air samfurin Grand Touring tana cin sama da kilomita 800 a caji ɗaya, i7 kuwa wajen 500. Cajin Lucid ma ya fi sauri.

Abin da ke damuna da Lucid shi ne kamfanin yaro ne, sai 2021 ya fara miƙa motoci, wuraren gyaransa kuma kaɗan ne. Bakaniken unguwa ba zai taɓa maka batirin nan ba. Kafin ka biya ko sisi, binciki nisan garejinsu daga gidanka, ka kuma karanta garantin batiri da idonka.