Wanda Ya Kashe Mutum Da Ƙarfen Radiyeshon: Kisasi Ko Diyya?

Tambaya: Malam, ƙanena yana aikin duba waldar bututu. Abokin aikinsa ya ɓoye ɗan ƙarfen iridiyom na injin da suke duba waldar da shi a ƙarƙashin kujerarsa. Ƙarfe ne mai fitar da radiyeshon, wato haske mai cutarwa da ido ba ya gani. Ƙanen nawa ya yi ta amai, hannunsa ya ƙone, bayan kwana 35 ya rasu. Dangin abokin aikin sun ce babu wuƙa babu jini, diyya ce kawai.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Kalmar da na riƙe a wasiƙarka ita ce "ya ɓoye". Ma'aikacin da aka horar, yake rataya ma'aunin radiyeshon a ƙirji, ya san abin da ya ajiye. Wannan kisan ganganci ne, hukuncinsa kisasi. Da sakaci ne, kamar ya manta bai mayar da ƙarfen cikin ma'ajiyarsa ta kariya ba, da diyya ce da kaffara.

Maganar dangin tana jingine da ra'ayin Abu Hanifa, cewa sai an yi kisa da abu mai kaifi. Shi ya ɗauki makami ne a matsayin shaidar niyya, tunda ba a ganin zuciya. To, wace shaida ta fi abin da idan jiki ya sha gire 4 zuwa 5 nasa (gire shi ne awon radiyeshon da jiki ya sha), kusan rabin mutane ke mutuwa in ba magani? Yana cinye ɓargo, ƙwayoyin jini su zube. Malik bai sharɗanta kaifi ba, kuma a mazhabarmu ana kisasi a kan guba. Da an bi waccan magana, da an koya wa mai kisa ya zaɓi abin da ba ya zubar da jini.

Inda shari'ar za ta yi wuya shi ne kwana 35 ɗin. Mai wannan ciwo yakan ji sauƙi na 'yan kwanaki kafin ya rikice, lauyansu zai kama nan. Ku nemi sakamakon gwajin jininsa na kwanakin farko. Idan jinkirin ya kawo shakka, alƙali na iya komawa ga ƙasama, rantsuwa 50.

Kai kuma, ɗana, na ji zafi a rubutunka. Kisasi aikin kotu ne, a nan Sakkwato muna da kotunan shari'a. Kada kowa ya taɓa ƙarfen ko ya matso kusa da shi, a sanar da 'yan sanda da hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya. Duk wanda ya saba zama a wurin, har mai kawo musu abinci, ya je a auna jininsa. Wallahu a'alam.