Gad Biyu, Wanne Za Ka Ɗora A Sama?

Ɗana, ka tambaye ni game da 'yan wasa biyu da ka kalla a faifan wasannin jami'a, dukansu daga cikin waɗanda suke tsayawa dama da hagun santa (wato ɗan wasan tsakiya mai miƙa ƙwallo a fara wasa) a layin gaba, waɗanda a ƙwallon Amurka ake kira gad. Ka ce ɗaya ƙato ne mai ture duk wanda ya tsaya gabansa, ɗayan kuma bai kai shi jiki ba amma ya fi shi saurin ƙafa, kuma kana so ka san wanda za ka ɗora a sama cikin rahotonka. Ba zan iya zaɓa maka ba tukuna, domin ba ka gaya mini yadda ƙungiyar da kake yi wa aiki take gudu da ƙwallo ba, kuma a can amsar take.

Idan ƙungiyar tana bin tsarin shiyya ne, to 'yan layin biyar gaba ɗaya sukan taka gefe guda a lokaci ɗaya, kowa yana kula da yankinsa maimakon wani mutum takamaimai. A nan ana bukatar gad ya riga abokin karawarsa isa wajen kafaɗarsa ta waje, ko ya haɗa ƙarfi da santa a kan mutum ɗaya, sannan ya sake shi a daidai lokaci ya haura wa mai tsaron baya da ke jiran mai gudu. Koci Alex Gibbs ya gina layin ƙungiyar Denver Broncos a kan wannan a shekarun 1990 da mutanen da ba su kai na sauran ƙungiyoyi nauyi ba, kuma a bayansu Terrell Davis ya yi gudun yadi 2,008 a kakar 1998. Ƙatonka zai sha wahala a irin wannan layi idan takunsa na farko yana da jinkiri, ko da kuwa ya fi kowa ƙarfi.

Idan kuwa tsarin ƙarfi ne, inda ake danne 'yan tsaron gefe ɗaya zuwa ciki domin a buɗe kafa guda da aka riga aka zaɓa, nauyi yana da daraja ƙwarai. Amma kada ka ɗauka tsayuwa wuri ɗaya ake nema. Gad ɗin ɗaya gefen shi ne yake janyewa daga layi, ya zagaya ta bayan santa, ya shiga kafar a gaban mai gudu, kamar yadda Jerry Kramer da Fuzzy Thurston suka riƙa yi wa koci Vince Lombardi a ƙungiyar Green Bay a shekarun 1960. Saboda haka ka duba ko ƙaton yana iya buɗe ƙugunsa ya juya ba tare da ya miƙe tsaye ba, kuma ko yana samun mutumin da aka aike shi gare shi, domin da yawa sukan iso da gudu su wuce shi.

Abin da na fi so ka daɗe a kai shi ne kare mai jefa ƙwallo, domin wannan ba ya canzawa da tsari. Gad yana fuskantar mutumin da hanyarsa zuwa ga mai jefawa ta fi ta kowa gajarta, kuma wanda ya kalli abin da ɗan tsaro Aaron Donald ya yi wa manyan gad daga 2014 zuwa 2023, alhali bai kai yawancinsu tsawo ko nauyi ba, ya san cewa jiki kaɗai ba ya tare kowa. Ka dubi inda yake lanƙwasawa: a gwiwa ne, ko a ƙugu yake sunkuyawa har kansa ya wuce yatsun ƙafarsa? Mai sunkuyawa da zarar an fizge shi gaba sai ƙasa. Ka dubi hannayensa, ko suna sauka a ƙirjin abokin karawa ko suna rungumar kafaɗu ta waje, inda alƙalin wasa yake hukunta riƙo. Sannan ka ga abin da yake yi idan an fara tura shi baya, ko yana iya sake kafa ƙafafu ya tsaya bayan taku biyu. Wanda ya saba kallon kokawa zai gane wannan nan take, domin wanda ya shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa shi ke da iko da shi. Ba mamaki Stephen Neal, zakaran kokawa na duniya a 1999 wanda bai buga ƙwallo a jami'a ba, ya shafe shekaru yana gad a New England Patriots.

Idanunsa ma ka bi su. Idan 'yan tsaro biyu suka yi musayar wuri, ɗaya ya kutsa ciki ɗayan ya zagayo, gad nagari yakan miƙa na farko ga maƙwabcinsa ya jira na biyu. Na ga masu ƙarfi da yawa da aka ajiye a benci saboda wannan kaɗai.

Alkaluman gwajin Indiyanapolis kuwa, inda ake auna ƙarfi da saurin 'yan wasan jami'a kafin ƙungiyoyi su ɗauke su, ka karɓe su da taka-tsantsan. Ɗaga laba 225 a kwance ba ya nuna maka ƙarfin ƙafa, kuma gudun yadi 40 abu ne da gad ba ya cika yi a wasa. Yadi goman farko da gwaje-gwajen sauya alkibla sun fi faɗa maka gaskiya. Kada kuma ka tsaya kan matsayin da yaro ya buga a jami'a: Zack Martin takil ne na hagu (wato mai tsayawa gefen gad ta waje) a jami'ar Notre Dame, Dallas ta ɗauke shi a 2014 ta mayar da shi gad.

Ka koma ga faifan. Ka zaɓi wasanni uku da kowannensu ya kara da 'yan tsaro mafi ƙarfi, ka ware yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, idan sauran tazarar na da nisa, inda kowa ya san jifa za a yi, ka rubuta mini dalilin kowace faɗuwa. Ka kuma tambayi kocin layinku sau nawa yake janye gad a wasa ɗaya, sai ka zo mu zauna a kan rahoton.