Gidan bashin FHA: sai ka zauna a ciki kafin ka ci kuɗin haya

Wani ɗan'uwa daga Columbus ta jihar Ohio ya rubuto. Yana da girin kad (izinin zama na dindindin a Amurka), yana son sayen gida mai sassa uku da bashin FHA (hukumar gidaje ta gwamnatin Amurka da ke tsaya wa mai karɓar bashin gida a banki), ya zauna a ɗaya, ya ba da biyu haya. Bayan wata huɗu zai tafi Kano jinyar mahaifiyarsa, ƙaninsa ya riƙa saukar da baƙi a sashensa ta Airbnb, manhajar ba baƙi hayar masauki na 'yan kwanaki.

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Farkon shirinka ba laifi. FHA ta yarda da gida mai sashe ɗaya zuwa huɗu, kafin alƙalami kashi 3.5 cikin ɗari kawai idan makin kiredit ɗinka, wato makin da ke nuna tarihinka na biyan bashi, ya kai 580. Girin kad ɗinka ma ya tsare ka, don tun Mayun 2025 aka daina ba masu bizar wucin gadi wannan bashi. Amma a gida mai sassa uku ko huɗu, sai kashi 75 cikin ɗari na hayar da aka ƙiyasta ya biya abin da banki zai riƙa karɓa duk wata, har da haraji da inshora, kuma ka nuna ajiyar biyan wata uku.

Inda nake jin tsoro shi ne tafiyar. Gwamnatin Amurka ta tsaya maka ne domin ka sami wurin zama. Za ka sa hannu cewa za ka tare cikin kwana 60, ka zauna aƙalla shekara guda. Wanda ya sa hannu alhali tikitin Kano na aljihunsa ya yi wa banki ƙarya, kuma laifi ne a dokar tarayya, wanda zai iya biyo ka ranar neman zama ɗan ƙasa. Zaman ƙaninka ba ya maye naka. Airbnb kuwa ka cire shi a rai: dokar FHA ta hana hayar da ba ta kai kwana 30 ba a irin wannan gida.

Ziyarar 'yan makonni ba ta ɓata komai, muddin nan ne gidanka. In kuwa jinyar za ta ɗauki watanni, ni dai shawarata ka jinkirta sayen har ka dawo. Kuma bashin nan da kuɗin ruwa yake tafe, saboda haka ka tuntuɓi malaminka, ka duba kamfanonin da ke sayar da gida ta hanyar musharaka, wato haɗin gwiwar mallaka ba tare da kuɗin ruwa ba, kafin ka yanke.