Rubutun Jinga a Intanet: Naira Ɗaya a Kowace Kalma, Ko Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala digiri a fannin Turanci bara, kuma har yanzu ina gida ina neman aiki. Wani mutum da aka haɗa ni da shi ta WhatsApp ya ce zai riƙa turo mini batutuwa ina rubuta masa maƙaloli da Turanci domin wasu shafukan intanet na ƙasashen waje. Zai biya naira ɗaya a kan kowace kalma, yana son kalmomi 4,000 a kullum, kwana shida a mako, biya sai ƙarshen wata, kuma sunana ba zai fito a kan rubutun ba. Da na lissafa na ga kuɗin ya haura naira 100,000 a wata. Shin in karɓa? Kuma wannan sana'a ce da mutum zai iya dogaro da ita? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Na yi irin wannan aiki da hannuna na wasu shekaru kafin in koma gyaran rubutun wasu, saboda haka zan faɗa miki abin da na gani, ba abin da aka ba ni labari ba. Amsata a taƙaice ita ce, za ki iya karɓa idan an gyara sharuɗɗan, amma ki ɗauke shi a matsayin makaranta mai ranar shiga da ranar fita, kada ki ɗauke shi sana'ar da za ki kafa rayuwarki a kai.

Lissafinki daidai ne a kan takarda. Kalmomi 4,000 sau kwana 26 sun ba da naira 104,000, abin da ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Najeriya a watan Yulin 2024. Matsalar ita ce kin ƙirga kalmomi, alhali abin da za ki sayar wa mutumin nan shi ne sa'o'inki. Maƙala mai kalmomi 1,000 a kan batun da ba ki sani ba tana bukatar ki karanta shafuka uku ko huɗu, ki tsara kanun sassa, ki rubuta, ki sake karantawa, sannan ki bi ta da manhajar gano satar fasaha irin su Copyscape. Wanda hannunsa ya faɗa yakan ci sa'a biyu a kan guda ɗaya, sabon shiga kuwa da wuya ya gama a ƙasa da uku. Maƙala huɗu ke nan sa'a takwas zuwa sha biyu a zaune, wato naira 500 a kowace sa'a idan komai ya tafi daidai, ko kimanin naira 330 idan kina farkon koyo. Daga cikin wannan za ki cire kuɗin data, wanda ya tashi bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, ki cire kuɗin caji ko man janareta, sannan ki tuna cewa duk maƙalar da aka dawo miki da ita domin gyara za ki sake aikinta ne kyauta, kuma duk ranar da bai turo batu ba babu sisi.

Abin da manoma ke kira jinga shi ne ainihin wannan aiki. Mai gona ya nuna maka fili, kun yi tsada, ko ka gama da azahar ko ka kai magariba kuɗinka ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne ɗan jinga a gona yana ganin mai gonar da idonsa, ke kuwa tsakaninki da mai shafin akwai dillalai biyu ko uku da ba za ki taɓa sani ba. Kamfanin Textbroker, mai haɗa marubuta da masu sayen rubutu a intanet, wanda aka kafa a Jamus a 2005, ya daɗe yana auna marubutansa da taurari biyu zuwa biyar, yana biyan marubutan Amurka daga ƙasa da santi ɗaya (kashi ɗaya cikin ɗari na dala) a kowace kalma zuwa santi biyar ga masu tauraro biyar. A can ana kallon santi ɗaya a matsayin wulaƙantaccen farashi, amma ko da shi aka auna, maƙala mai kalmomi 1,000 ta kama dala 10, kuma tun tsakiyar 2024 dala ba ta sauko ƙasa da naira 1,000 ba. Ke nan abin da mutuminki zai miƙa miki bai kai kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙasƙancin farashin kasuwar ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ban ce shi azzalumi ba ne, domin shi ma ya nemo kwangilar, yana biyan la'ada, inda Fiverr, wani dandalin neman aikin jinga a intanet, alal misali ke cire kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki, kuma shi ke ɗaukar asara idan mai shafin ya ƙi aikin. Amma ya kamata ki san girman ratar kafin ki zauna ciniki da shi.

Sanin dalilin da ya sa ake sayen rubutun nan zai taimake ki fahimtar inda kasuwar ta dosa. Mai shafin ba don sha'awar karatu yake saye ba. So yake idan wani ya rubuta tambaya a Google shafinsa ya fito a sahun gaba, mutane su shigo, ya samu kuɗin talla ko la'adar kayan da aka saya ta hanyarsa. Wannan dabara ce masu sana'ar ke kira SEO, kuma ita ce ta sa za a turo miki wata jimla a ce lallai ta fito sau shida ko bakwai a cikin maƙalar, ko ta zauna da kyau ko ba ta zauna ba. Ba na manta daren da na kwana ina rubutu a kan gyaran rufin gida a wani gari na jihar Texas da ban taɓa jin sunansa ba, kwamfuta a kan cinyata, fitilar waya a jingine da kofin shayi saboda an ɗauke wuta, ina ta neman inda zan cusa sunan garin karo na bakwai ba tare da jimlar ta karye ba. Da asuba na tura, kafin hantsi an turo mini wannan batu dai da sunan wani gari daban.

Kamfanin da ya fi shahara da wannan salo shi ne Demand Media na Amurka, wanda aka kafa a 2006, mai shafin eHow. Na'ura ce ke zaɓo masa kanun maƙaloli gwargwadon abin da mutane ke nema da kuma kuɗin tallan da za a samu, sai dubban marubuta su ɗauka a kan kimanin dala 15 kowace maƙala. Lokacin da ya fara sayar da hannun jari a watan Janairun 2011 darajarsa ta haura dala biliyan ɗaya. Wata guda bayan haka Google ya fito da sauyin da aka sani da suna Panda, wanda ya taɓa kusan kashi 12 cikin ɗari na sakamakon bincike a Amurka, kuma an yi shi ne domin dannar da shafuka masu rubutun da ba shi da nauyi. Masu ziyara suka ragu, aiki ya ƙafe, marubutan da suka jingina abincinsu da irin waɗannan shafuka suka wayi gari babu batun ɗauka. Shi ma wani shafi irinsa, Associated Content, wanda Yahoo ya saya a 2010, an rufe shi a 2014. Tarihi ya maimaita kansa a watan Agustan 2022 da kuma Maris na 2024, lokacin da Google ya sake tsaurara wa shafukan da ke zuba rubutu barkatai domin kawai su hau sama. A tsakanin waɗannan biyun kuma, a ƙarshen Nuwamban 2022, ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai yin rubutu da kanta, ya bayyana, kuma irin maƙalar da ake harhaɗawa daga shafuka uku ita ce ainihin abin da ƙirƙirarriyar basira ke iya fitarwa cikin daƙiƙoƙi. Wannan ne ya sa nake cewa kada ki dogara da sana'ar: mai saye yana raguwa, mai sayarwa yana ƙaruwa, sannan ga na'ura ta shigo kasuwa tana bayarwa kusan kyauta. Har ma wata sabuwar fitina ta ɓullo, inda ake bin rubutun mutum da manhajar da ake cewa tana gano aikin na'ura, manhajar ta yi kuskure, a hana marubuci haƙƙinsa a kan abin da ya zauna ya rubuta da guminsa.

Duk da haka ba zan ɓoye alherin da na samu ba. Aikin ya koya mini zama a kan kujera in gama abu a kan lokaci ko ina jin daɗi ko ba na ji, ya koya mini karanta batun da ban sani ba in fahimci ƙashin bayansa cikin rabin sa'a, ya kuma cire mini tsoron farar takarda. Jami'a ba ta koyar da waɗannan. Sai dai darasin yakan ƙare cikin wata huɗu zuwa shida, daga nan kuma sai ɓarna ta fara. Hannu ya saba da tsawaita magana domin kalmomi su cika, kunne ya daina jin bambancin jimla mai rai da matacciya, ga ciwon wuya da na ido da rashin barci, jiki magayi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na je neman aikin da ya fi wannan daraja aka ce in nuna abin da na taɓa rubutawa, na duba na ga ɗaruruwan maƙaloli sun fita daga hannuna amma babu ko ɗaya mai sunana.

Saboda haka idan za ki karɓa, sharaɗin biya a ƙarshen wata shi ne na farko da za ki ƙi. Aikin wata guda ga mutumin da ba ki taɓa gani ba cinikin biri ne a sama. Ni kaina wani dillali ya taɓa karɓar maƙaloli goma sha biyu a hannuna ya toshe lambata, kuma babu inda zan kai ƙara domin ko cikakken sunansa ban sani ba. Ki nemi kafin alƙalami, ko a riƙa biyanki duk bayan maƙala biyar, ko a ƙalla duk ƙarshen mako. Ku rubuta a fili, ko da a cikin saƙon WhatsApp ne, sau nawa za a iya dawo miki da maƙala domin gyara, da abin da zai faru idan an ƙi ta gaba ɗaya. Idan ya nemi rubutun gwaji, kada ya wuce kalmomi 300 sai dai idan zai biya, domin akwai masu tara gwajin mutane ashirin su cika kwangilarsu da shi a banza. Sannan ki rage yawan zuwa kalmomi 2,000 a rana, ki nemi ƙarin farashi bayan wata ɗaya idan ya yaba da aikin. Sa'o'in da kika ceto su ne jarinki.

Abubuwa biyu kuma ki nisance su ko nawa aka saka. Na farko sayen asusun wani a irin waɗannan kamfanonin rubutu ko hayarsa domin ki yi aiki da sunan Ba'amurke, abin da ake tallatawa sosai saboda wasu kamfanonin ba sa ɗaukar marubuta daga wajen ƙasarsu. Yaudara ce, kuma ranar da aka gano za a rufe asusun da duk kuɗin da ke ciki. Na biyu rubuta wa ɗaliban jami'o'in waje aikin makaranta su miƙa da sunansu, sana'ar da ta yi ƙarfi a Kenya kuma ta fi biya. Taimaka wa maguɗi ne, kuma Ingila ta mayar da sayar da irin wannan aiki laifi a dokar da ta kafa a 2022.

Da sa'o'in da suka rage, ki zaɓi fanni ɗaya da kika sani ko kike son sani sosai, kamar lafiyar mata da yara, noma, ko harkar kuɗi ta waya, ki riƙa rubuta maƙala ɗaya mai kyau a kowane mako da sunanki, ki ajiye a inda za a iya gani, ko da shafin LinkedIn ne ko na Medium. Kada kuma ki raina Hausarki. A kasuwar rubutun Turanci na gama-gari kina gogayya da marubutan Indiya da Filifin da Kenya da kuma na'ura, amma wadda ta iya Turanci da Hausa da kyau, ta san ƙa'idojin rubutu har da haruffa masu lanƙwasa, kuma za ta iya shiga kasuwar Sabon Gari ta zauna da 'yan kasuwa ta ji ta bakinsu ta rubuta, abokan gogayyarta kaɗan ne. Ƙungiyoyin agaji, kafafen yaɗa labarai da kamfanonin da ke son magana da mutanen Arewa suna bukatar fassara da rubutu irin wannan, kuma da su za ki yi ciniki kai tsaye babu dillali a tsakani. Idan aikin waje ya fara zuwa, ki buɗe asusun Payoneer, kamfanin karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, da sunanki na gaskiya da takardunki, domin da shi yawancin 'yan Najeriya masu aiki a dandalin Upwork da Fiverr suka daɗe suna karɓar kuɗinsu.

Ki koma wurin mutumin da sharuɗɗan nan uku: biya kowane mako, kalmomi 2,000 a rana, da gyara sau ɗaya kawai a kan kowace maƙala. Idan ya amince, ki buɗe littafi ki riƙa rubuta sa'o'in da kowace maƙala ta ci da abin da ya shigo hannunki bayan cire data da caji, ki kuma sa wa kanki wa'adin wata shida tun daga ranar farko. Idan kuwa ya dage a kan ƙarshen wata kuma ya ƙi ba da ko kwabo na kafin alƙalami, ki yi masa godiya ki bar masa aikinsa.